Ƙwayar Gwiwar Waliyyu

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, gwiwoyin Ladan da na maƙwabcinsa Waliyyu suka gaza tare. Shekara talatin suna tsugunno a fadamar Aliero wajen dashen albasa da ban ruwa, yanzu ko sallah sai a zaune.

Sai Haliru, babban ɗan Waliyyu, ya dawo daga Jega da kwalbar ƙwayoyi masu ruwan zinariya, wai man hantar kifi da bitamin, masu rage kumburin gaɓoɓi. Kafin a cire albasa, Waliyyu ya koma sahun gaba, yana ruku'u kamar saurayi. Ladan na bayansa a zaune, yana hararar gwiwoyin nan. Ko barka bai yi masa ba.

Ranar kasuwar Jega ya sulale, ya sayo irin kwalbar, babba ma. Wata biyu yana haɗiya safe da yamma. Gyatsarsa duk ƙarnin kifi, gwiwa kuwa tana nan yadda take.

Ya tare Waliyyu a bakin rijiyar lambu.

"Malam, hwaɗi tsakaninka da Allah, taka ƙwayar daban ta?"

"Iri guda ta," in ji Waliyyu. "Sai dai ran da Haliru ya kawo ta, ya amshe gugan daga hannuna. Shi ka ban ruwa yanzu."

Ladan ya dubi nasa gugan, ya tuna nasa ɗan da ya tafi Legas shekara shida, ko wasiƙa babu. Wannan maganin kam, ba a sayar da shi a kasuwar Jega.