Gungumen rijiyar Tabotaki

Halidu mai hoto yana da ɗan shago a Buza, inda yake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na amare. Amma abin da ransa ke so yana Tabotaki, bakin tsohuwar rijiyar makiyaya. Wani gungume ne da aka gitta can tun zamanin kakanni. Igiyar guga ta ci shi har ta yi mishi ramu-ramu masu sheƙi, rana kuma ta tsattsage sauran. In Halidu ya kusanto da kamara, itacen sai ya ɓace, a bar layuka da inuwa kaɗai, waɗanda mutum kan daɗe yana kallo shiru.

Ɗaukar ta ba shi wuya. Hasken da yake so na safe ne, lokacin da shanu ke cika wurin. Yau saniya ta ture shi, gobe a watsa ruwa bisa itacen. Har aka fara cewa ɗan Buza ya taɓu. Sai bayan damina ya samu hotunan da hankalinsa ya kwanta da su.

Injinsa ba ya fidda manyan hotuna, don haka ya aika su Madawa wurin Isaka, wanda ke da babban inji. Da direba ya kawo ƙunshin, Halidu ya buɗe, ya tsaya cik. Takardu ne masu launin ƙasa, sumul, ba tsaga ko ɗaya.

Ya kira Isaka a waya. Isaka ya ce ya ga hotunan sun yi kaushi, sai ya bi su da ordinater, wato kwamfuta, ya goge, yadda yake wa fuskar amare. Har yana jiran godiya.

"Malam Isaka, tsagar nan ita ce hoton," in ji Halidu. "Ita na tafi nema."

"To wa zai rataya ruɓaɓɓen itace a ɗakinsa?"

Halidu ya kashe wayar. Washegari ya hau moto, babur ɗinsa, har Madawa don a sake bugawa yana tsaye. Ya tarar an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe. Isaka ya miƙo mishi shayi, yana ƙara ba shi shawarar ya riƙa ɗaukar furanni. Halidu ya karɓi shayin. Ya zauna bisa benci da hular moto a cinya har aka kira la'asar, wuta ba ta dawo ba.