Akwatin da Ya Ƙi Ɓallewa

"A tsaya!" darakta ya daka tsawa karo na uku, ya cire hularsa ya maka a kan benci.

Maza shida da ke ɗauke da akwatin gawar suka sauke shi a gaban bagade suna haki. Sun jijjiga shi, sun girgiza, har ɗaya ya yi tuntuɓe da gangan, amma gindin akwatin ko motsi bai yi ba. Ɗan wasan da ke kwance a ciki ya ɗaga murfi, fuskarsa duk hoda da gumi.

"Jama'a, in ba za ku yar da ni ba, ku binne ni kawai in huta."

Kafinta na zaune a bencin ƙarshe, jakar kayan aikinsa tsakanin ƙafafunsa. Shi ya yi akwatin. Shirin kuwa 'yarsa Auta ce ta rubuta, wasan barkwanci a kan wani sabon fasto da cocinsa mai rikici. Gidan talabijin sun ce a kawo kashi na farko su gani. In ya ba su dariya su karɓi sauran, in bai ba su ba, shi ke nan. Dariyar kuma duk a nan take: ana cikin addu'a gindin akwati ya ɓalle, mamaci ya faɗo, fasto ya ranta a na kare. Faston gaskiya ya ara musu cocin zuwa ƙarfe huɗu, lokacin sujadar yamma. Ga shi uku ta gota.

Auta ta tako har inda yake, ta durƙusa, ta sassauta murya.

"Baba, ƙusa nawa na ce maka?"

"Huɗu. Ƙanana."

"Nawa ka sa?"

Huɗun ya fara sawa, Allah ya sani. Da ya ja baya ya dubi abin sai ya ji kunya, kamar ya fito kasuwa ba riga. Shekara talatin yana wannan aiki, hannu ya riga ya saba. Ya shafa gam, ya ƙara ƙusoshi, ya gitta katako biyu a ƙasa.

"Mutum ne zai kwanta a ciki, Auta."

"Mai rai ne, Baba. Ga katifa can mun shimfiɗa masa."

Darakta ya iso yana share wuya. "Baba Kafinta, abin wasa muka roƙa, kai kuma ka yi mana wanda zai kai mutum har tashin ƙiyama."

Auta ba ta ɗago ba. "Shekara biyu ina rubuta abin nan," ta ce. "Gobe masu kyamara suna da wani aiki. Ba za su dawo ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya ɗauki jakarsa ya nufi gaba. Matan cocin da aka roƙa su zauna a matsayin masu makoki suka bi shi da ido, cikin baƙaƙen kaya. Rabinsu shi ya yi wa mazajensu akwati. Ya sa aka kifa akwatin, ya durƙusa, ya soma zare ƙusoshi da bakin guduma. Kowace sai ta yi ƙara kafin ta fito. Ya sa zarto ya yanke katakon da ya gitta, ya bi layin gam da kurfi yana tsagawa a hankali. Katako ne mai kyau, bai yarda da sauƙi ba. A ƙarshe ƙananan ƙusoshi huɗu kawai ya bari riƙe da gindin.

Huɗu saura kwata aka sake ɗauka. Faston wasa ya ɗaga hannu, ya ce a sunkuyar da kai. Gindin akwati ya ɓalle, mamaci ya faɗo tim, faston ya tsallake benci biyu ya bar takalmi ɗaya a baya. Cocin ya kaure da dariya, har kafaɗar mai kyamara na rawa.

Wata tsohuwa ta juyo tana share hawaye da gefen ɗankwali.

"Kafinta, ashe haka aikin naka yake? Allah ya sa na maigidana bai yi haka a hanya ba mu sani ba."

Wasa take yi, ya sani. Ya yi ƙoƙarin murmushi, bakinsa ya ƙi.

Ana naɗe wayoyi, masu sujada sun fara shigowa. Wani ya sa ƙafa yana tura katakon gindin akwatin zuwa jikin bango. Auta ta rugo ta kama hannunsa biyu, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Baba, ya yi! Zan sa sunanka a ƙarshen shirin, da manyan baƙaƙe, kowa ya gani."

Ya daɗe yana kallonta. Rabon da ya ga ta yi farin ciki haka har ya manta.

"Allah ya sa su karɓa," ya ce. "Sunan kuwa bar shi, Auta. In an tambaya, ki ce sayowa kuka yi."