Inda Sherifatu Ke Wucewa da Burodi

Ni da Sumani mun san juna tun muna aikin jirgin ruwa, kafin tsufa ya ajiye ni a unguwar Aston ta Birmingham, shi kuma a Levenshulme, a wani birni daban. Da GP, wato likitansa, ya gaya masa ciwon hantarsa ba na warkewa ba ne, sai na riƙa hawa coach, babbar bas ɗin nan, daga Birmingham duk Asabar ina zuwa mu zauna.

In na je ba ni yake kallo ba. Tablet ce jingine da gwangwanin madara a kan tebur, Nanret nas ɗin da ke duba shi ta saita masa. Cikinta wani ɗan tsibiri ne a ƙasar Girka. Wani mai gidan abinci ya kafa kyamara a bakin tashar ruwa don jawo baƙi, duk abin da ake yi a gun kana gani a lokacin da ake yin sa, sai dai babu murya.

A tsibirin nan 'yarsa Sherifatu take. Ta je hutu tana jami'a, ta haɗu da wani mai gyaran kwale-kwale, ta aure shi. Sumani ya ce shi ba shi da 'ya, ya faɗa a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Tun daga nan ko gaisuwa.

Amma ya san tsibirin fiye da layinsu. Har sunaye ya raɗa wa mutanen.

"Ga Sarkin Ragwaye ya fito," in ji shi. Wani tsoho ne mai gashin baki, yana jan kujera zuwa inuwa. "Kofi ɗaya zai saya, ya zauna kansa har azahar. Kai Ashafa, ɗan'uwanka ne."

"Ni ina da aiki. Jinyar mai taurin kai nake."

Akwai mai buga kifin nan mai ƙafa takwas a kan dutse kamar mai wanki, sannan ya shanya a igiya. Akwai tsofaffi biyu masu wani wasa irin dara, kullum sai sun yi faɗa, kullum sai sun dawo. Da rana tsaka kowa ya ɓace, sai kyanwowi. In jirgi ya iso gari duka a sauko kallon wanda ya sauka, ko ba a jiran kowa.

Da hantsi kuma Sherifatu ta wuce da burodi a hammata, riƙe da hannun wata 'yar yarinya. Daga wannan gefen allo zuwa wancan, shi ke nan. Lokacin Sumani ba ya magana, ko tari sai ya danne. In ta wuce ya ce, "Iska ta yi yawa yau," ko wani abu makamancin haka.

"Alhaji, ka kira ta mana."

"Wa?"

"Wadda kake kallo."

"Ni jirage nake kallo."

Na ga yana ƙarewa. Wandonsa sai da ya ƙara huda bel. Na ce a raina na sasanta 'yan kasuwa a tashoshi da yawa, uba da 'ya ba za su gagare ni ba. Na samo lambarta, na kira daga Aston.

"Baffa Ashafa? Lafiya?" Muryarta ta tsorata.

Na gaya mata komai, har da kyamarar. Sai na ji kuka.

"Baffa, you mean kullum? Kullum yana ganina?"

"Kullum, 'yata. Ranar Asabar ki tsaya ki ɗaga masa hannu. Sauran ki bar mini."

Ranar Asabar ina gefensa. Ta shigo allo da burodinta, sai ta tsaya. Ta juyo ta kalli kyamarar sosai. Ta sa mayafi, abin da ban taɓa gani a jikinta a can ba. Ta ɗauki yarinyar ta ɗaga sama, ta kama ɗan hannunta tana kaɗawa. Har Sarkin Ragwaye ya juyo yana kallonsu.

Na zaci zai yi kuka. Sai na ga fuskarsa ta ɗaure.

"Wa ya gaya mata?"

"Alhaji, dubi jikarka."

"Ta san ina leƙenta. Ni, Sumani, ina leƙen 'yata ta taga kamar ɓarawo, kuma ta sani." Ya kifa tablet ɗin. "Ka tona mini asiri, Ashafa. Kallon nan ne abu ɗaya da ya rage mini."

Ta kira wayarsa a ranar, ta sake kira washegari. Bai ɗauka ba. Ta ce mini za ta zo in ya ce ta zo, don ba za ta iya a kore ta daga bakin ƙofa a gaban yarinya ba. Shi kuma ya ce bai hana kowa hanya ba, bai kuma gayyaci kowa ba. Na yi ta kai da kawowa tsakaninsu har bakina ya gaji. Tablet tana kife, gwangwanin madara a kanta.

Sai da sanyi ya shigo sosai, ya daina iya tashi zuwa banɗaki shi kaɗai, ya ce da ni ba tare da ya kalle ni ba, "Kunna mu ga jirage."

Na kunna. Allon baƙi, da wani ɗan rubutu a tsakiya. Nanret ta karanta mana: gidan abincin ya rufe, sai baƙi sun dawo lokacin zafi. Ashe haka suke yi duk shekara, su tattara kujeru, su cire har kyamarar. Mu ba mu sani ba, mun zaci ta gwamnati ce.

Dukanmu mun san abin da GP ya ce: Sumani ba zai kai lokacin zafi ba.

Na miƙa masa wayata, lambar Sherifatu a buɗe. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya ajiye a kan bargo.

"Bar tablet ɗin a kunne," ya ce. "Yanzu ne take wucewa."