Ƙarƙashin Haɓar Shugabanni

"Ɗaga ƙafarka mana, tsoho, motar ba za ta durƙusa maka ba."

Verna ta tura Orval cikin tsohuwar akori-kurarta, ta ɗora masa tukunyar iskar numfashinsa a cinya. Yana ta haki. Ƙurar dutse ta cinye masa huhu tun zamanin da yake lilo a igiya yana dasa nakiya, lokacin da ake sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a dutsen da ke bayan garinsu na Keystone. Likita ya ce saura kwanaki.

Shekara ashirin suna maƙwabtaka, tana miƙa masa soyayyen burodi ta katanga, shi kuma yana gyara mata famfo, amma ko sau ɗaya zancen dutsen bai haɗa su ba. Ita 'yar ƙabilar Lakota ce, mutanen da suke ƙasar tun asali. Dutsen na kakanninta ne, wurin addu'arsu, an ƙwace, an sassaƙa fuskokin masu ƙwacen a kai. An haife ta bayan an fara fasa shi, don haka ba ta taɓa ganin kamanninsa na asali ba. Waɗannan fuskokin kuwa ta rantse ba za ta kalle su ba. In hanya ta bi da ita nan, titi take zuba wa ido, taurin kai ba kaɗan ba.

Da safen nan ne ta kasa daurewa. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa dutsen da hannu kafin a fasa.

"Baba Orval, yaya yake a da?" ta tambaya.

"Ɗauko makullin motarki," ya ce.

Suka tsaya a filin ajiye motoci da ke gaban dutsen. Kamar kullum, ta juya wa dutsen baya, har da motar.

"Juya motar, Verna."

"Ban kawo ka don in gaisa da iyayen gidanka ba."

"Wa ya ce ki gaishe su? Su ma ba sa amsawa, na gwada."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, har sai da ta dafa masa baya. Da ya lafa ya ce, "Ranar farko da aka sauke ni a igiya, ina ɗan sha tara. Na dafa shi, ɗumi kamar bayan saniya. Iska na kuka cikin tsagoginsa. Na cire hula ban san na cire ba."

"Amma ka sa nakiyar."

"Na sa. Da wannan hannun." Bai kawar da kai ba. "Amma dutsenku bai je ko'ina ba. Kar ki dubi sama. Dubi ƙarƙashin haɓarsu."

Ta kama sitiyari, ta juya motar. Ta sa tafin hannu a goshi ta tare saman, sannan ta duba.

Daga haɓar mutanen har gindin dutsen, farfasassun duwatsu ne jibge, wasu sun kai girman ɗaki, sun malalo kamar an zazzage buhu. Ƙananan itatuwa sun tsiro a tsakaninsu.

"Babu wanda ya kwashe," in ji Orval. "Ga fuskar dutsenku nan, duka. Wancan mai jan ƙirjin daga can ƙoli ya faɗo, ni na san shi."

Kuka ya zo mata, ba ta hana shi ba. Haushinsa take ji, tana kuma gode masa, ta rasa wanne ya fi.

Orval ya cika ranar Alhamis da hantsi, Verna na juye masa kofi a kicin.

Bayan jana'iza ta koma dutsen ita kaɗai, ta tsaya a bakin shinge cikin 'yan yawon buɗe ido. Kowa ya ɗaga kai sama, ita kuwa ƙasa take kallo. Wata mata ta taɓa ta a hankali.

"Baiwar Allah, wani abu kika yar?"

Verna ta girgiza kai, ta ɗebo garin taba daga aljihunta, ta barbaɗa ta ƙetaren shingen, kamar yadda kakanninta suke yi a wurin addu'a.