Man Nasaran Farko da Ƙuli-ƙulin Hawwa'u

Baturen gona na Kankiya karatu ne ya yi masa yawa. Ya karanto wai Nasaran farko, can zamanin da, wani ganye suke zubawa cikin man da suke shafawa wajen ibada, sai su ji kamar sun tashi sama. Ya rantse wiwi ne, irin wanda sojoji suka dawo da shi daga yaƙin Bama bara. Shi fa sai ya gwada! Ya aika wa Hawwa'u mai man gyaɗa ta Kunduru da ƙunshin ganyen, ta dafa masa cikin mai.

Ita Hawwa'u ina ruwanta da Nasaran farko? 'Ya'yanta biyu, Manu da ƙanensa Kabo, shekara uku ba su ga maciji da juna saboda tsamiya ɗaya da ke kan iyakar gonakinsu. Manu har ya ɗaure kaya: in dattawa ba su ba shi itacen yau ba, gobe sai Maraɗi, kuma ba dawowa. Hankalinta duk a tashe yake.

To, wace mai man gyaɗa ce za ta ɗora mai a wuta ta sauke ba ta soya ƙuli-ƙuli ciki ba? Ai asara ce. Ta tace ganyen, ta soya abinta, ta aika wa Bature da man can bariki, ƙuli-ƙulin kuma ta miƙa zauren gidansu, inda dattawa ke shari'ar.

Da farko hayaniya take jiyowa. Can sai shiru, sai ƙurus-ƙurus. Can kuma sai dariya. Ta leƙa ta ga mai unguwa a kishingiɗe, rawani gefe guda, Kabo kuma ya rungume wansa yana kuka.

"Yaya Manu, ɗauki tsamiyar!"

"Wallahi ba ni so! Kai ɗauka, har da birin da ke kanta!"

Suka fita hannu cikin hannu wai za su nemi gafarar tsamiya, gari duk yana kallo. Shi kuwa Bature ya mulke jikinsa da mai, ya zauna har la'asar yana jiran tashi sama, ba abin da ya zo masa sai cinnaku.

Washegari kunya ta rufe 'yan'uwan. Bayan abin da jama'a suka gani, wa zai sake tada maganar itace? Manu ya durƙusa gaida uwarsa, kai a sunkuye.

"Inna, akwai sauran na jiya?"

"Kwance kayanka tukuna."

Ya kwance. Ta juya baya ta share hawaye da gefen zane, sannan ta miƙo masa na gyaɗa zalla.