Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Shekara huɗu Auta tana gwada takardar aikinta a kan uwarta. Digirin dakta take yi kan yadda ciwo ke yaɗuwa cikin jama'a. Takan bi gidajen da aka yi rasuwa tana tambayar yadda abin ya faru. Kafin ta fita sai ta zaunar da uwar kusa da keken ɗinki, ta ce a ɗauka ita Autar ce ta mutu. Uwar takan ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, sannan ta amsa. Tambaya talatin da biyu, duk uwar ta haddace su. Likitan matattu take kiranta, tunda ko allura ba ta iya ba.

Amai da gudawa suka ɗauke Auta cikin kwana biyu.

Dokar takardar ita ce a bar masu makoki su yi sati shida kafin a je musu da tambayoyi. Ranar da suka cika, sai ga abokin karatun Auta da jaka a kafaɗa. Tare suka nemi aiki a ofishin binciken, shi aka ɗauka. Ya yi gaisuwa, ya yabi marigayiya. Uwar ta kawo masa ruwa, ya ce a ƙoshe yake, ga gorarsa tana leƙowa daga jaka.

Ya fara karanta tambayoyin a gurguje, yana duba agogo. Daga ta sha shida ya tsallaka ta sha takwas.

"Ɗana, ka bar ɗaya," in ji uwar. "Ina mamaciya ta sha ruwa a kwana ukun ƙarshe?"

Ya ce ai ma'aikaciyar lafiya ce, ta san abin da take sha. Kuma an rufe rahoton wata, buɗe shi wahala ne.

Uwar ta san abin da Auta ke faɗa kullum: in ba a cika wannan layin ba, babu wanda zai rufe ko famfo ɗaya, unguwa za ta ci gaba da sha. Ta janyo jakarsa ta ɗora a cinyarta.

"Auta ba ta taɓa ƙin ruwan gidan makoki ba. Ta ce wanda ka ƙi ruwansa ba zai gaya maka gaskiya ba. A gidan direban nan da ya rasu ta sha, mai shuɗiyar ƙofa. Daga tankin bayan tasha suke ɗiba. Rubuta."

Ya rubuta, sannan ta sakar masa jakar.

Bayan kwana tara aka sa wa tankin kwaɗo. Da rahoton ya fito, sunansa ne a bango. Ya aiko mata da ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin lamba ta ɗari biyu da sha huɗu a jerin mamata, ya ce Auta ce nan. Uwar ba ta iya karatu sosai ba, amma ta bi layin da yatsa har ƙarshe. Babu gurbin da aka bari ba a cika ba.