Farar Ƙwaya a Gwangwanin Batura

Saura ƙiris Auta ta fasa rubuta layin ƙarshe. Nas ɗin da asibiti ke turowa gida duk Talata ce ta ba ta takarda, ta ce, "Ki rubuta min abin da Baba ke haɗiyewa, ba abin da aka rubuta masa ba."

Likitoci uku ke ganin Baba, na zuciya, na ƙoda da na ƙashi. Kowa da ranarsa, kowa da ledar maganinsa. Ciwon ba na warkewa ba ne, duk gidan an sani. Aikin Nas shi ne ta haɗa kan likitocin, ta rage masa wahala.

Auta ke ba shi magani, don haka ita kaɗai ta san farar ƙwayar safe ba ta kaiwa bakinsa. Cikin gwangwanin tsofaffin baturan agogo yake jefa ta. Haka ta rubuta, da manyan baƙaƙenta na 'yar firamare.

Yayanta ne ya karanta a fili. "Wata biyu kina kallo? Kashe shi za ki yi?"

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye ba. "Yaya, in ya sha, har azahar bai san inda kansa yake ba."

"Kai da ko ranar asibitina ba ka sani ba," in ji Baba, gilashin gyaran agogo a goshinsa. "Shekara arba'in ina gyara wa mutane lokaci, sai nawa lokacin za a ba barci?"

Nas ta zazzage gwangwanin a faranti tana ware ƙwaya daga batir. "Baba, da batir ɗin ka riƙa sha, da yanzu ka fi mu gudu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ta tambaye shi wane lokaci ya fi so a yini. Ya ce safiya, kafin hannu ya fara rawa.

Nan take ta kira likitan ƙashi, wanda ya rubuta ƙwayar. Ya ce zai yi magana da na ƙoda a sauya ta, amma a turo masa wanda ya san yadda Baba ke yini.

Yaya ya gyara murya. "Zan je."

"Ƙarfe nawa yake tashi?" in ji Nas.

Yaya ya dubi silin.

Washegari Auta ta gyara wa Baba zama kusa da taga, ta tafi asibiti ita kaɗai. Da likita ya leƙa bayanta yana neman babba, ta ja kujera ta zauna.